Jar Fuskar da Na Danna a Taron Masu Tarbar Baƙi

Jama'a, ranar Litinin ɗin makon jiya rana ta gasa ni a bakin titin unguwar Harra ta Yamma a nan Madina, har sai da abayata ta fara ƙauri kamar an manta dutsen guga a kanta. An ce mana motar ƙungiya za ta zo da sassafe ta kwashe mu zuwa taro. Muka fito, ni da maƙwabciyata Rabi'a da wasu mata, muka tsaya. Hantsi ya dubi ludayi, ba mota. Motocin manya dai muna ganinsu suna wucewa, gilashi a rufe, wani ma ya ɗaga mana hannu, Allah Ya saka masa da alheri, don ɗaga hannu ma sadaka ce. Da tamu motar ta iso, direba ya ce mu yi haƙuri, sai da ya fara kai furanni otal.

Rabi'a ta ce, "Ai da gaskiyarsu, Yaya Ƙaltume. Fure yana yaushi. Mu kuwa mun riga mun yi."

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Ƙaltume matar marigayi Sabiru, wanda ya ƙare ƙarfinsa a wata gonar dabino a Ƙuba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ban riƙe biro a wurin taron ba. Abin da ido ya gani, kunne ya ji, shi zan faɗa muku. In na rage wa wani babba ɗaya daga cikin muƙamansa, ya yafe mini, sun yi wa kaina yawa.

Sabiru ya rasu a farkon shekarar nan. Iƙamata, wato katin zamana a ƙasar nan, a ƙarƙashin sunansa take. Shi yake zuwa ya sabunta, ya dawo ya ajiye mini a kan firji ya ce, "Ga shi nan, an ƙara miki wa'adi, sai ki ci gaba da damuna." Ni ban san ƙofar ofishi ko ɗaya ba. Yanzu katin ya kusa mutuwa, in kuwa ya mutu ba a gyara ba, sai in tattara komatsaina in bar garin da aka binne mijina. 'Ya'yana mata suna ɗakunansu a Kano da Maraɗi, kullum suna waya, "Inna ki dawo, me ya rage miki a can?" Abin da ya rage mini shi ne katangar maƙabartar Baƙi'a, inda yake kwance. Duk Juma'a nakan je in tsaya daga waje in yi masa sallama, in ba shi labarin unguwa. Daga Kano ba a hango wannan katanga.

An ce mini akwai hanyar da ake bi, amma sai da wanda ya san ƙofofi, ya kuma san Larabcin takarda, wanda ba shi ne Larabcin sayen tumatir ba. Ƙungiyarmu ta taimakon baƙi mazauna, wadda sunanta ya fi allon ƙofarta tsawo, tana da mutum musamman don wannan aiki. Sunansa Walid, jikan Hausawa ne haifaffen nan, kana yi masa Hausa yana ba ka amsa rabi da Larabci. Ina fita takaba na nufi wurinsa. Ya ce, "Bukra, ya Hala," wato gobe, Inna. Na koma gobe, aka ce ya tafi karɓo jakunkunan taro. Na sake komawa, yana wurin masu buga alluna. Na koma kuma, ya fito da gumi ya ce in yi wa Allah in bari sai bayan taro, domin taron nan don irinmu ake yin sa. Da na ji haka sai na ji kunya ta kama ni. Mutane suna ta wahala a kaina, ni kuma ina damunsu da matsalata.

To ga mu a taron. Duk ƙungiyoyin da ke hidimar baƙi aka tara a babban ɗakin otal, an rubuta a bango da manyan baƙaƙe cewa muryar baƙo ita ce a gaba. A bakin ƙofa ana raba kati mai igiya a rataya a wuya. Na manya da suna da muƙami, wani har layi uku. Namu kuwa duka abu ɗaya aka rubuta: mai cin gajiya. Rabi'a ta juya nata gaba da baya ta ce, "Gajiyar dai mun ci, tun a bakin titi." Aka zaunar da mu can baya, kusa da ƙofar da ake fito da abinci. Da lokacin hoto ya yi aka zo da ladabi aka kai mu sahun gaba, aka ce mu yi murmushi amma kada ya yi yawa. Ana gamawa aka mayar da mu inda aka ɗauko mu, kamar kujerun haya.

Mai Girma Shugaba na Har Abada shi ya buɗe taro. Ya gode wa waɗanda suka zo, da waɗanda suka so zuwa, da waɗanda suka aiko da gaisuwa, kowa da sunansa da na ubansa. Bayansa wani Ustaz Dakta Injiniya ya tashi ya haska zane a bango, kibiya ta fita daga akwati ta shiga wani akwati, ta zagayo ta dawo inda ta fito. Na gane wannan zanen sarai, hanyata ce zuwa ofishin Walid. Laccarsa a kan muhimmancin sauraron mai rauni ce, kuma saboda muhimmancin abin sai da ya cinye lokacinsa ya haɗa da rabin na tambayoyi.

Sai Hajiya Uwar Marayu, shugabar sashen mata. Ita kam ta iya. Ta yi magana a kan halin da matan da mazansu suka rasu suke ciki a baƙon wuri, muryarta ta karye, aka miƙo mata hankici, mai hoto ya durƙusa. Ni ma har na fara hawaye, sai na tuna tsakanin gidanta da nawa ko ruwan shayi ba zai huce ba, amma da Sabiru ya rasu aka jera kujeru aka kunna fitilu a ƙofar gida, ban ga ko inuwarta ba. Wataƙila tana tara hawayen ne don ranar taro. Mai tanadi ba ya rasawa.

Da aka zo tambayoyi na ɗaga hannu. Makirufo ya tashi daga sahun farko ya faɗa na biyu, ya koma na farko. Duk wanda ya karɓa sai ya ce, "Nawa ba tambaya ba ce, ɗan tsokaci ne," sai ya ba mu tarihin rayuwarsa. Hannuna na dama ya gaji na canza na hagu. Ina nan a haka aka kira azahar. Mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, amma kada kowa ya damu, an tanadi na'ura ta zamani a bakin ƙofa, bayan cin abinci kowane mahalarci zai faɗi ra'ayinsa a kan taron cikin sirri.

Abinci kam a yaba musu. Shinkafa ce tuli, rago kwance a kanta kamar yana hutawa. Ni ban ci ba. Litinin ce, kuma tun muna da ƙuruciya ni da Sabiru muke azumtar ta, ban ga dalilin da zan bari don ya riga ni tafiya ba. Na zauna ina kallon Rabi'a tana yi wa ragon ta'aziyya da hannu biyu.

Na'urar ra'ayi wata faffaɗar waya ce kamar faranti, Walid ne yake riƙe da ita. Tambaya ɗaya ce: ya kika ga taron? A ƙasa fuskoki uku, koriya tana dariya, rawaya ta miƙe baki, ja ta ɗaure fuska. Kafin ki danna sai kin manna katin wuyanki a jiki, ga kuma layin mata a bayanki kowacce ta leƙo ta kafaɗarki. Wannan shi ne sirrin.

Ku da kuke Hausawa kun san halinmu. A samu Bahaushe a gadon asibiti, ƙafa a rataye, a ce ya jiki, zai ce da sauƙi. A tambaye shi ya gida, rufin ya faɗo jiya, zai ce lafiya lau. To balle a ciyar da shi rago sannan a ce ya faɗi aibin mai ragon. In baki ya ci, ido ya ji kunya. Duk wanda ya shirya a kawo na'urar nan bayan abinci ba gabansa ba, ba yaro ba ne, ya san mu ciki da bai. Da shi aka ba wa takardunmu da tuni an gama.

A gabana akwai Inna Zenabu, tsohuwar da tun a mota take share hawaye a kan takardun ɗanta da suka maƙale. Ta zo ta danna koriya, ta ƙara da, "Allah Ya ƙara arziki, Allah Ya maimaita mana." Rabi'a ma koriya. Na harare ta, ta raɗa mini, "Wallahi yatsan ne ya tafi da kansa, maiƙon ragon bai fita ba."

Da aka zo kaina na tsaya na dubi fuskokin nan uku. Na nemi wadda ta yi kama da tawa tun farkon shekara, na danna ta.

Ashe jar tana da ƙara. Wata irin ƙara ta yi kamar an taka wutsiyar kyanwa, kuma da alama ba a taɓa jin ta ba, don har masu kwashe faranti sun juyo. Walid ya zaro ido.

"Ya Hala, galat ne ko? Kuskure? A sake?"

"Ba kuskure, ɗana. Ita na nufa."

A mota kuwa na sha magana. Wata ta ce na kunyata Hausawan Madina a gaban baƙi. Wata ta ce ko takaba ce ta taɓa mini kai. Inna Zenabu ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ba a haka. Kin ci abincin mutane kuma kin watsa musu ƙasa a ido?"

Na ce, "Inna, ban ci ba. Azumi nake."

Can sai wata daga baya ta ce, "To, in haka ne kam." Aka bar maganar. Kun ga shari'ar ba a kan gaskiya ko ƙarya take ba, a kan rago take.

Ranar Laraba da hantsi wayata ta yi ƙara. Walid ne, wanda wata da watanni ni ke bin sa. Ya ce Mai Girma Shugaba da Hajiya za su zo gaishe ni bayan la'asar. Na ajiye waya na ƙwala wa Rabi'a kira ta taga.

Ta ce, "Gaisuwa? Ruwa ba ya tsami banza. Ki lura, da kaya za su zo. Kina sa ɗaya a baki kin zama koriya."

Na ce, "Na sani. Zo ki taya ni tuƙi."

Na buɗe kwalin da nake ɓoye kayan gida, na fito da kuka da daddawa da man shanun da aka aiko mini daga Maraɗi, wanda nake ta jin tsoron taɓawa saboda Sabiru ne mai son sa. Muka tuƙa tuwon shinkafa, muka kaɗa miya, ƙamshi ya cika lungu har maƙwabcinmu Balarabe ya leƙo yana tambayar ko biki ake.

Bayan la'asar motoci suka toshe mana lungu. Mai Girma ya shigo da babbar riga, Hajiya da turare, Walid a baya da kwalin dabinon ajwa a kafaɗa, faffaɗar wayar nan a hammata. Mijin Rabi'a ya zauna da maza a falo, mu mata muna bakin ƙofa. Mai Girma ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a ga marigayi Malam Tahir. Na bari sai da aka shafa, sannan na ce sunansa Sabiru, amma Tahir ɗin ma Allah Ya ji ƙansa ko wane ne.

Ya turo kwalin dabino ya ce ɗan abin buɗa baki ne. Na yi godiya sosai, na roƙi mijin Rabi'a ya miƙa shi masallaci yanzu-yanzu a raba sadaka, ladan ya kai kabarin Sabiru. Wa zai hana? Kwali ya fita ko ƙwallo ban gani ba. Sai muka shigo da kwanoni.

Mai Girma ya ce a'a, a ƙoshe suke. Rabi'a ta buɗe murfi. Jama'a, mutumin da ya shekara yana cin shinkafar otal, a buɗe masa miyar kuka da man shanu, ba ya buƙatar roƙo na biyu. Ya naɗe hannun riga. Ya ci, ya nemi ƙari. Hajiya ta ce tana kiyaye sukari amma za ta ɗanɗana, ta ɗanɗana malmala biyu. Walid, da bai taɓa taka Najeriya ba, yana lasar yatsa yana cewa, "Wallahi zayyi, kamar na kakata."

Da aka wanke hannu sai Mai Girma ya gyara murya. Ya ce wata 'yar magana ce ƙarama. Rahoton taro za a aika wa masu ba ƙungiya tallafi, kuma bara an rubuta musu cewa mahalarta sun gamsu ɗari bisa ɗari. Bana ma an riga an buga allon godiya da wannan adadi.

Na ce, "Yaushe aka buga?"

Walid ya ce, "Tun kafin taron da mako..." Mai Girma ya kalle shi, ya haɗiye sauran.

To matsalar ita ce jar fuska guda ɗaya ta ɓata lissafi. Na'urar kuma ta wani kamfani ce, ba sa gogewa, sai dai mai katin ta manna katinta ta canza da yatsanta. Hajiya ta matso ta dafa ni ta ce, "Haba 'yar uwa, mu nan duka baƙi ne, mu rufa wa juna asiri. Kin san yadda nake ji da ku."

Na ce, "Na gani, Hajiya, har a hoto." Sannan na juya wajen falo. "Ranka ya daɗe, ya ka ji miyar?"

Ya ce, "Baiwar Allah, rabona da irin wannan tun mahaifiyata tana da rai."

"Ta yi gishiri?"

"Daidai wa daida."

Na ce, "Alhamdu lillahi. To baki ya ci."

Na ɗauko iƙamata daga kan firji na ba mijin Rabi'a ya ajiye a gabansa, kusa da kwanon da ya suɗe. Na ce ga abin da ya kai ni taro, ga abin da na ɗaga hannu a kansa har kafaɗata ta sage. Kwanakinta a ƙirge suke, in ta mutu zan bar Sabiru shi kaɗai a garin nan. Ban nemi a yi mini abin da doka ta hana ba, mutum nake nema ya raka ni ƙofar da ta dace.

Mai Girma ya dubi katin, ya dubi kwano, ya dubi Hajiya. Hajiya tana duban silin. Ya ce wannan ai ba komai ba ne, in danna koriya yau, da zarar an aika rahoto Walid zai zo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bayan taro aka ce mini da farko, ga shi yanzu an koma bayan rahoto. Bayan rahoto kuma akwai taron duba rahoto. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Kati a hannuna, koriya a farantinku."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai gyatsa ta riga shi, mai ƙamshin daddawa. Ya rufe bakin. Ido ya ji kunya.

Washegari ko shara ban gama ba sai ga Walid a ƙofa da mota mai sanyi, har da buɗe mini ƙofa. Ƙofar da na yi watanni ina nema, ashe kafin azahar ana iya zuwa a dawo. Ma'aikatan can ba su wahalar da mu ba, suka karɓi takardu, suka faɗi abin da ya rage, suka ce a jira amsa. A hanyar dawowa Walid ya ce in yafe masa, shi ma ba don jakunkuna ya karɓi aikin nan ba. Na ce na yafe, ya dai daina ce wa tsofaffi bukra, don ba kowa ke da ita ba.

Kada ku ce na yi nasara, amsa ba ta fito ba tukuna, kuma ban san me za ta ƙunsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Inna Zenabu. Ita da ta danna koriya ta haɗa da addu'a, jiya ta je ofis aka ce mata ta dawo bayan rahoto. Ta ci rago, an rubuta ta cikin waɗanda suka gamsu, me kuma take nema? Mun yi wa mutanen nan ladabi har sun ɗauka lafiyarmu ƙalau. Laifinsu ne, amma yatsun namu ne. Shawarata ga matan unguwa, duk wadda aka gayyata taro ta duba ranar. In Litinin ce ko Alhamis, ta ɗaura niyya tun dare. In wata rana ce, ai ba a rasa ramuwa.

Katin wuyan nan na mai cin gajiya yana ƙasan akwatina, na naɗe shi cikin ɗankwali. Rahoto yana jira, masu tallafi an ce sun fara tambaya. Na kuma aika wa Mai Girma cewa ni hankalina kwance yake ta kowane ɓangare. In katin iƙama ya fito, na zauna kusa da Sabiru. In ajali ya riga kati zuwa, ƙasar Madina ba ta tambayar gawa iƙama, na ma fi kusa da shi, sai dai rahotonsu ya zauna da jar fuskarsa har tashin kiyama, don matacce ba ya danna koriya.

Tun da saƙon ya isa, safe da yamma Mai Girma yake bugo waya. Ya jikin Hajiya Ƙaltume, an sha magani, a rage fita cikin rana. Shekaranjiya na yi ɗan tari a waya, kafin magariba ya aiko da likita. An ce har a masallaci ya sa a yi mini addu'ar tsawon rai, kuma wannan karon bai yi kuskuren suna ba.